Daga Raƙumi Ɗari Zuwa Takardar Inshora: Tarihin Auna Diyyar Hatsari a Katsina

A Katsina, idan mota ta buge mutum ko ta daki wata motar, maganar kuɗi ce ta ƙarshe da ake son tayarwa. Sai a yi jaje, a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, Allah Ya kiyaye gaba. Dangin direba su je asibiti dubiya, su biya kuɗin maganin kwanakin farko, manya su sa baki, a ce an yafe. Wannan ɗabi'a ta kashe wutar rigima mai yawa, kuma ba abin rainawa ba ce. Sai dai bayan wata shida, lokacin da 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, mai ƙafar da ta karye shi kaɗai ke sanin abin da ya rasa. Idan kuwa akwai kamfanin inshora a maganar, za a miƙo masa takarda da adadin kuɗi a rubuce, a ce ya sa hannu. Da me zai auna ya gane ko an yi masa adalci?

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka cewa wannan tambaya baƙuwa ce, ta zo tare da mota da lauya da Turawa. Alhali alƙalan birnin nan sun shafe ɗaruruwan shekaru suna amsa ta, kuma hanyar da suka bi tana da abin da za ta koya wa duk wanda aka miƙa wa takardar sallama a yau.

Jadawalin alƙalai

Katsina tsohon garin shari'a ne. A ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Magili ya ratso ta, Imam Suyuɗi kuma ya aiko wa Sarki Ibrahim Sura wasiƙa daga Masar. Ahmad Baba na Tambutu ya kawo tarihin wani malami, Muhammadu ɗan Ahmadu al-Tazakhti, wanda ya zauna a Katsina aka naɗa shi alƙali, ya rasu wajen 1529. Bayansa aka yi zamanin su Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17. Mazhabar da ake hukunci da ita ta Imam Malik ce, littattafan da ɗalibi ke bi kuwa har yau su ne a zaurukanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid, Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim wadda alƙalai ba sa rabuwa da ita.

A cikin waɗannan littattafai akwai babi guda na jini da raunuka. Asalinsa aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mutum bisa kuskure, sai kuma wasiƙar da Annabi (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazmu, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu mu'amala da zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Daga wannan adadi ake yanko sauran. Ido ɗaya rabin diyya ne, haka hannu ɗaya, haka ƙafa ɗaya. Kowane yatsa raƙuma 10. Kowane haƙori raƙuma 5. Raunin kai da ya bayyanar da ƙashi raƙuma 5, wanda ya gusar da ƙashin daga wurinsa raƙuma 15, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko ya huda ciki sulusin diyya. Idan hankali ya gushe, ko ji, ko gani baki ɗaya, cikakkiyar diyya ce ko da mutum yana raye. Raunin da ba a yanka masa adadi ba kuwa, alƙali ne zai ƙiyasta gwargwadon nakasar da ya bari.

Malaman ba su manta da abin hawa ba. Risala ta bayyana cewa mahayin dabba, da mai jan ta, da mai kora ta daga baya, duk suna ɗauke da lamunin abin da ta taka. Wanda ya sukwano doki a lungun Unguwar Alƙali ya take yaro, ba zai ce dokin ne ya yi ba. Linzami a hannunsa yake.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi duk waɗannan amfani a yau. A mazhabar Malik ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke. Dalilin a fili yake: karayar da ake zaton za ta ɗoru lafiya tana iya ƙarewa da ɗingishi, raunin da ake gani ƙarami yana iya cin hannu ko ya kai ga rai. Wanda ya karɓi kuɗi tun jini bai bushe ba, ya sayar da abin da bai san girmansa ba.

Jadawalin yana da iyakarsa. Bai duba sana'ar mutum ba, don haka yatsan tela da na attajiri kuɗinsu ɗaya, duk da cewa tela ya rasa abin cin abincinsa. Bai kuma keɓe gurbi na musamman ga kwanakin da mutum ya yi kwance bai fita nema ba. Amma yana da wata daraja babba, wato kowa ya san shi tun kafin abin ya faru. Talaka ba ya buƙatar iya ciniki kafin ya san haƙƙinsa.

Wa zai biya?

Raƙuma 100 sun fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa shari'a ba ta ɗora diyyar kuskure a kan mai laifin shi kaɗai ba, ta ɗora ta a kan aƙilarsa, wato danginsa maza ta wajen uba. Kowa ya kawo gwargwadon ƙarfinsa, ba a karɓa daga mata da yara da matalauta, kuma a raba biyan cikin shekara uku. A wajen Malikiyya aƙila tana ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama, abin da bai kai ba kuwa mai laifin ne zai biya daga aljihunsa. Haka ɓarnar dukiya, ita ma a kansa take. Idan mutum ba shi da dangi, baitulmali ya tsaya masa. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya mayar da wannan nauyi kan waɗanda sunansu ke rajista ɗaya a diwanin sojoji, ko da ba jini ɗaya suke ba.

Idan aka duba da kyau, wannan shi ne ƙashin bayan abin da ake kira inshora: asara mai nauyi da za ta durƙusar da mutum ɗaya, a watsa ta kan mutane da yawa yadda kowa zai iya ɗauka, wanda aka cuta kuma ya sami haƙƙinsa ko da wanda ya cuce shi fakiri ne. Bambancin shi ne aƙila zumunci ne ya haɗa ta, kamfani kuwa kwangila ce da neman riba.

Zuwan mota

Lugga ya shigo Katsina a 1903. Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba, sun bar su ƙarƙashin En'e suna sa musu ido. A zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mota ta zama abin da ake gani a birni. Akwai kuma dalilin da ya sa Katsina ta dogara da titi fiye da maƙwabtanta. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, amma birnin Katsina bai sami layin dogo ba. Sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta nan. Saboda haka gyaɗa da auduga da fata da fasinja, duk a bayan manyan motoci suka riƙa tafiya, ta hanyar Kano, ta hanyar Jibiya, ta hanyar Daura da ta Dutsin-ma.

Mota ta zo da matsalolin da babin mahayin doki bai hango ba. Doki yakan take mutum ɗaya, babbar mota kuwa tana iya hallaka mutum goma a lokaci guda. Direban sau da yawa yaron wani ne, motar ba tasa ba ce. Yana iya zama baƙo daga Ikko ko Anacha wanda ba shi da aƙila a nan, ba ya ma ƙarƙashin kotun alƙali. Mai motar kuma yana iya zama kamfanin Turawa. Tsohon tsarin yana aiki ne idan mai laifi da danginsa suna inda hannu zai kai gare su, mota kuwa ta raba mutum da garinsu.

Dokar da aka ɗauko daga Ingila

Abin mamaki, su Turawan da suka kawo motar sun daɗe a baya a wannan fanni. A 1808 wani babban alƙalin Ingila ya yanke cewa mutuwar mutum ba abin da za a nemi diyyarsa ba ne a kotun farar hula. Wato idan ka raunata mutum za ka biya, idan ka kashe shi iyalinsa ba su da abin nema. Sai a 1846, bayan jiragen ƙasa sun yi ta kashe mutane, majalisarsu ta yi dokar da ta ba iyalan mamaci damar kai ƙara. A lokacin alƙalan Katsina sun fi shekara 300 suna raba diyya ga magada.

A watan Agustan 1896 mota ta kashe wata mata mai suna Bridget Driscoll a Landan, ita ce mai tafiya a ƙasa ta farko da mota ta kashe a Ingila. Cikin shekara talatin gawarwaki suka yi yawa, aka kuma lura cewa yawancin direbobi ba su da abin biya ko kotu ta ce su biya. Don haka a 1930 Ingila ta wajabta wa duk mai mota ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya buge. Nijeriya ta kwafi wannan doka a 1945, ta fara aiki a 1950. Kafin nan kamfanin Royal Exchange ya riga ya buɗe ofis a Ikko tun 1921, amma harkarsa ta kayan fatauci ce da 'yan kasuwar Turai.

Ana kiranta inshorar mutum na uku domin mai mota shi ne na ɗaya, kamfani na biyu, wanda aka buge na uku. Ba ta gyara motar mai ita. An yi ta ne domin ɗan acaɓan da ka banke da mai tallan da ka take. A farkonta rai da rauni kawai ta rufe, ba ta shafi dukiya ba.

Tare da ita aka shigo da wata hanyar lissafi dabam da ta alƙalai. Ƙa'idar kotunan Ingila ita ce a mayar da mutum, gwargwadon abin da kuɗi za su iya, matsayin da yake kafin hatsarin. Babu jadawali. Sai a tara abin da aka kashe da rasit, a ƙiyasta abin da mutum ke samu a shekara, a ninka da adadin shekarun da ake ganin asarar za ta ɗauka, a ƙara wani abu na raɗaɗi da wahala, sannan a rage gwargwadon laifin shi wanda aka buge idan yana da hannu. A nan yatsan tela ya fi na attajiri tsada. Amma a nan kuma wanda ba shi da rasit da lauya yakan tashi da hannu biyu.

Jihar Arewa ta yi tata dokar haɗurran da suka kai ga rasa rai a 1956. Daga 1960 kundin Penal Code ya karɓe shari'ar kisa daga hannun fiƙihun Malikiyya, ya dai bar wa kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta. Shekara 40 bayan haka, a 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar Katsina ta dawo da shari'ar Musulunci a fannin laifuffuka, kalmar diyya ta koma cikin kundin doka. Sakamakon haka Bakatsine a yau yana tsakanin ma'auni uku: na fiƙihu, na kotun da ta gaji Ingila, da na sulhun manya, wanda shi ne aka fi bi ko da ba a rubuta shi ko'ina ba.

Lambar da aka kafe

Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, an kafa ta a 1997. Dokar inshora ta 2003 ita ce ta ce inshorar mutum na uku ta haɗa da ɓarnar dukiya, ta sa naira miliyan 1 a matsayin adadi, ta kuma ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an sa hannu a takardar sallama. Shekara da shekaru kuɗin yankar wannan inshora na ƙaramar mota naira 5,000 ne. Daga 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta mayar da shi naira 15,000, iyakar biyan ɓarnar dukiya ta koma miliyan 3. Keke Napep naira 5,000 da iyakar miliyan 2, babur naira 3,000 da iyakar miliyan 1, manyan motocin dakon kaya naira 100,000 da iyakar miliyan 5.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta muna da wata ƙa'ida da ake koya wa ɗan koyo tun makon farko: kada ka kafe lamba a cikin shiri idan abin da take wakilta yana canzawa, ka ɗaure ta da tushen da za ta riƙa bi. Dubi abin da ya faru da lambobin nan. A 2003 dala tana wajen naira 130, don haka miliyan 1 ta kai dala 7,700. A ƙarshen 2022, da dala ta kai wajen naira 450 a farashin gwamnati, miliyan ɗin ta koma dala 2,200. Aka ɗaga zuwa miliyan 3, wato wajen dala 6,600. Wata shida bayan haka, a Yunin 2023, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Miliyan 3 ta dawo dala 2,000, ƙasa da inda aka baro. Kayan gyaran mota kuwa, sabo ne ko na hannu, da dala ake shigo da su.

Malaman fiƙihu sun ɗaure diyya da raƙumi da zinariya da azurfa, abubuwan da gwamnati ba ta buga su a inji. Idan aka ɗauki dinari a kan giram 4.25, diyyar rai giram 4,250 ce ta zinariya, wadda a farashin 'yan shekarun nan ta kai ɗaruruwan miliyoyin naira. Idan aka bi ta azurfa, dirhami 12,000 sun kai kilo 35 da ɗoriya, kuɗinsu kuma ya yi ƙasa da na zinariyar nesa ba kusa ba, domin tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ta buɗe sosai tun bayan zamanin sahabbai. Ko a nan ma akwai aikin da ke jiran malamai. Amma ko ta wace aka bi, adadin yana tafiya da zamani.

Matsala ta biyu ta fi ta lamba muni. Yawancinmu muna ɗaukar inshora a matsayin takardar da ake nuna wa ɗan sanda a shingen hanya. Ana haɗa ta cikin takardun mota a ba wani ya je ya yo, mai motar bai san sunan kamfanin ba, wani lokaci ma kamfanin babu shi. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Nijeriya ta kafa rumbun bayanai mai suna NIID, inda za ka sa lambar mota a wayarka ka ga ko takardar ta gaskiya ce. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta dokar a faɗin ƙasa, a watan Agustan shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin wuri ɗaya. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta ƙirga sama da mutum 5,000 da suka mutu a titunan Nijeriya a 2024 kaɗai. Kowane ɗaya daga cikinsu ya bar magada.

Abin da ake yi a Maraɗi

Daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai tafiyar Katsina zuwa Kano ba, amma ma'aunin can dabam ne. Nijar tana cikin ƙasashe rainon Faransa da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, suka yi kundin inshora guda. Kundin ya ɗauki darasi daga dokar da Faransa ta yi a 1985 domin waɗanda hatsarin mota ya shafa. Ya wajabta wa kamfani ya gabatar da tayin biya cikin wa'adi, ya kuma kafa jadawali: likita ya auna nakasa da kashi cikin ɗari, a haɗa da shekarun mutum, a lissafa bisa mafi ƙarancin albashi na ƙasa. Idan mutum ya mutu, an yanka kason mata da na 'ya'ya da na iyaye. Ana sukar tsarin da cewa kuɗin ba su da yawa, amma ya fi kusa da hanyar alƙalanmu na da, domin mutum yana iya lissafa haƙƙinsa da kansa. Ga direbobin da ke tsallaka iyaka ta Jibiya ko Kongolam, ECOWAS ta ƙirƙiro katin inshora mai ruwan ƙasa a Kwatano a 1982. Tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, ya kamata direba ya tambayi kamfaninsa matsayin takardarsa kafin ya ɗauki hanya.

Matsayin malamai

Wani abin da ke hana mutanenmu bin haƙƙinsu shi ne shakkar halacci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ɗauke da garari mai yawa, ta halatta ta taimakekeniya a madadinta. Wasu manyan malamai, irin su Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, sun halatta ta tun kafin nan, suna kafa hujja da tsarin aƙila. Daga wannan muhawara aka haifi takaful: kamfanin farko a Sudan a 1979, dokar Malesiya a 1984, ƙa'idojin NAICOM a 2013, sannan kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. Ita dai wannan majalisa, a zamanta na Burunai a 1993, ta tabbatar da cewa hukuncin jinayar kuskure yana hawa kan haɗurran mota. Saboda haka saɓanin malamai yana kan kwangilar da ke tsakanin mai mota da kamfani ne. Haƙƙin wanda aka buge kuwa tabbatacce ne a kan direba, ko daga ina kuɗin za su fito.

Yafiya ma tana da ƙa'ida. Diyya dukiyar magada ce, ana raba ta kamar gado. Baligi yana iya yafe kasonsa, kuma yana da lada. Amma kawu ko wa ba shi da ikon yafe kason marayu don kawai a ce gidansu gidan mutunci ne. Sau da yawa wanda ya yi saurin cewa an yafe ba shi ne zai ciyar da yaran ba.

Yadda za a auna tayi

Idan aka haɗa darussan nan, ga abin da mutum zai duba kafin ya sa hannu. Na farko, rauni ya warke, ko likita ya rubuta iyakar inda zai tsaya? Takardar sallama tana rufe magana baki ɗaya, ba a dawowa a ce ƙafa ta ƙi. Na biyu, a raba asarar gida-gida, kada a karɓi dunƙulallen adadi: gyaran abin hawa, kuɗin asibiti da na zirga-zirga, kwanakin da aka rasa na nema, nakasar da za ta dawwama. Na uku, a san cewa iyakar miliyan 3 ta ɓarnar dukiya ce, ba ita ce farashin rai ko ƙafa ba, kuma abin da ya haura iyakar kamfani yana nan a wuyan mai motar. Na huɗu, a yi ƙiyasin gyara da farashin yau, daga bakin bakanike fiye da ɗaya. Idan an ce motar ta tashi daga aiki, a tambayi kuɗin irinta a kasuwa ranar hatsarin, a kuma san wa zai riƙe gawar motar, domin ita ma kuɗi ce a wajen 'yan gwangwan.

Mu ƙaddara misali. Mai Keke Napep ne da ke tsira da naira 6,000 a rana, yana fita kwana 26 a wata. Mota ta buge shi, ƙafa ta karye, ya yi wata huɗu a kwance. Abin da ya rasa na nema 624,000 ne. Asibiti ya ci 700,000, zuwa asibitin ƙashi na Dala da dawowa 80,000, gyaran keke 450,000. Jimla 1,854,000. Likita ya ce ƙarfin aikinsa ya ragu da kashi 20 cikin 100. Abin da yake samu a shekara 1,872,000 ne, kashi 20 ɗinsa 374,400, idan aka ninka da shekara 10 ya zama 3,744,000. An tashi 5,598,000 ke nan, ba a ma sa kuɗin raɗaɗi ba. Idan rahoton 'yan sanda ya nuna shi ma yana da rubu'in laifi, a cire rubu'i, saura 4,198,500. Wanda ya yi wannan lissafi a takarda, idan aka miƙo masa 900,000 a mako na biyu, ya san abin da ake so ya bari.

Duk wannan ba ya tsayuwa sai da shaida: rahoton 'yan sanda, hotunan wurin da aka ɗauka da waya, lambar motar, rasit na kowane magani, da takardar likita. Wanda ya tafi wajen mai ɗori kai tsaye ba tare da hoton ƙashi ba, ya rage wa kansa hujja ko da ɗorin ya yi kyau. Mai sana'ar hannu da ba shi da takardar albashi yana iya kawo littafin ƙungiyarsu, ko bayanan shigar kuɗi na asusunsa, ko shaidar abokan sana'a. Idan kamfani ya yi ta jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kotu kuma tana nan. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kamfanin da ya karɓi naira 15,000 ya karɓe ta ne domin irin wannan rana.

Abin da ya rage mana a Katsina shi ne mu dawo da abin da kakanninmu suke da shi, wato ma'aunin da kowa ya sani. Ba zai gagari malaman fiƙihu da lauyoyi da likitocin ƙashi da ƙungiyar direbobi su zauna su fitar da jadawalin shawara da Hausa ba, wanda aka ɗaure da farashin da ke motsi, ana sabunta shi duk shekara, mai unguwa da limami su riƙe shi a waya lokacin sulhu. Wanda ya ga dama ya yafe bayan ya san adadin, wannan ita ce yafiyar da ake ba lada a kanta. Allah Ya tsare mu da tsautsayin hanya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.